Mu 'Yan Cikin Gari da Zuciya a Kusa

Duk wanda ya tambayi Bakanon cikin ganuwa halinsa, haƙuri zai fara ambata. Ai ciniki muka gada, kuma tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi, yau sama da shekara 500, mun san mai saurin fushi ba ya riƙe abokin ciniki. A taya kayan dubu goma a dubu biyu, mai rumfa ya yi murmushi ya ce albarka. To amma bari a rufe kasuwa a dawo unguwa. Alhajin da ya wuni yana haɗiye rainin masu saye, shi ne zai tayar da jijiyar wuya a majalisa bayan sallar Isha'i, don kawai wani ya ce Arsenal sai dai ta ga kofi a hannun maƙwabta.

Masu saurin hawan nan kuwa kala-kala ne, kuma daga Yakasai har Mandawari kowace majalisa ta san nata. Akwai mai zuciya a kusa. Shi ashana ne, ƙyas ɗaya ya kama, kafin a kawo ruwa ya mutu. Zai miƙe ya kaɗe riga, ya rantse shi da wurin nan har abada, gobe kuma shi zai riga kowa shimfiɗa tabarma, har ya sayo wa jama'a rake. Wannan ba mai tsoronsa, ranar da bai zo ba ma hirar ba ta armashi. Ni dai na fi son zama da shi a kan mai riƙo, wanda za ku rabu kuna dariya, sai bayan shekara ka ji bai zo sunan 'yarka ba saboda wata magana da kai ka manta da ita.

Mai tsarguwa shi ne abin tausayi. In aka yi dariya a ƙofar masallaci yana wucewa, da shi ake. In liman ya yi huɗuba a kan masu cin bashi su ƙi biya, Juma'a mai zuwa a wata unguwar zai yi salla. Ka gaishe shi da fara'a, ya ce me ka ji a kansa. Ka gaishe shi a gaggauce, ya ce ka yi kuɗi.

Sai gwanin unguwa, mai fushi da fushin wani. Tun da aka hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu suka cika lungunanmu, kullum sai biyu sun yi kiciɓis a inda ɗaya ma da ƙyar yake wucewa. Direbobin su ɗan yi cacar baki, ɗaya ya ja da baya, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa mutumin, da ba kekensa ba ne kuma bai ji farkon maganar ba, yana nan tsaye yana cika yana batsewa har la'asar.

Abin da ke ba ni mamaki, gari ne da ake horar da zuciya tun ana goye. Kaka ta kira jikanta maigida, ta ce ya bar ta ba cefane. Taubasai su tare ka a watan cika-ciki sai ka ba da kuɗin shara. Bazazzagi ya shigo Kurmi a ce ga bawanmu ya iso, shi ma ya rama, a tashi ba wanda ya ɗaure fuska. Ga Nalako mai tashen gwauro a cikin azumi, a zagaya da ƙato gari ana masa kiɗa, in ya fusata ma ya ƙara wa abin gishiri. A 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha dakatar da tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya, kuma ba ƙaramar asara muka yi ba, don yaran yanzu ƙiris suke jira.

Siyasa ce dai horon bai taɓa kamawa ba. Sojojin baka su yi ta ruwan magana a rediyo da daddare, mu kuma mu kwana da ita a ciki, da safe wa da ƙani su ƙi haɗa ido a wurin mai shayi saboda launin hula. Maganar sarauta kuwa, tun rikicin da ya taso a watan Mayun 2024, kafin mutum ya ce "Sarki" a majalisa sai ya duba fuskokin da ke wurin tukuna.

Saboda haka Malam, in ka san zuciyarka a kusa take, ka ɓoye wa yaran unguwa. Ranar da suka gano sunan da ba ka so, da shi za a riƙa yi wa baƙi kwatancen gidanka.