Waƙa Mai Kiran Sunan 'Yar'uwarta

Mawaƙan zamani sun samo dabarar talla kyauta: a tsakiyar sabuwar waƙa sai ka ji mutum ya fara jero sunayen tsofaffin waƙoƙinsa, kamar mai karanta kayan gado. Kai da ka biya kuɗin waƙa guda, a sallame ka da jerin abin da ba ka saya ba.

Wahalar tana kan yaron da ke tura waƙa a waya a kasuwar Minjibir. Manomi ya taso tun daga Wasai, ya ce, “Ɗan samari, sa mini waccan da aka ambata a cikin waccan.” Yaro ya yi ta lalube a kwamfuta har a kira la'asar.

Mawaƙan da kuwa ba su cika damuwa da raɗa wa waƙa suna ba. Masu sauraro da gidajen rediyo da 'yan kaset ne suka ɗauke musu wannan nauyi, yawanci daga amshi ko sunan wanda aka yi wa waƙar. Shi ya sa duk lokacin da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya tuno wani ubangidansa a tsakiyar kiɗa, ya riga ya kira sunan wata waƙar ba da niyya ba.

In kuma dattijo ya ce Bakandamiya yake so, sai an tsaya an yi bincike: ta Shata ko ta Narambaɗa? Yaron dai yakan tura duka biyun, ya karɓi kuɗin biyu.