Makokin Jarumar da Ba Ta Mutu Ba

An yi wani matashi a birnin Kano da Allah ya hore wa alƙalami tun yana sakandare. Littafinsa na farko ya karɓu, aka karanta shi a gidan rediyo, mata suka riƙa aron sa gida-gida har bangonsa ya yage. Kafin ka ce kwabo an daina kiran sa da sunan yanka, sai dai "Marubuci". Ya buɗe zaure a WhatsApp, mabiya suka cika shi maƙil, ko tari ya yi sai an ce masa Allah ya ƙara basira.

Da littafi na biyu ya fito, sai kasuwa ta yi sanyi. Ana cikin haka wani malamin jami'a ya yi nazarinsa a taron marubuta, ya ce yaron yana da baiwa, amma wannan littafin na farkon ne ya maimaita, sunayen mutane kawai ya canja. Malamin bai zage shi ba, bai ko ɗaga murya ba, amma maganar ta tsaya wa matashin a ƙahon zuci.

Tun daga ranar alƙalami ya ƙi tafiya. Ya rubuta shafi da dare, ya yaga shi da safe. Ya fara tambayar kansa: anya ni marubuci ne kuwa, ko sa'a ce ta ɗauke ni sau ɗaya ta dire? Ya kai kukansa zaure, nan take amsoshi suka yi ta zubowa. "Baƙin ciki ne kawai, ranka ya daɗe." "Rabu da 'yan boko, su me suka taɓa rubutawa?" "Hassada ga mai rabo taki ce." Ransa ya yi sanyi har zuwa la'asar. Da dare ya raba, waya ta yi shiru, shakka ta dawo ta zauna inda ta saba.

Da abin ya ishe shi, ya nufi Kasuwar Kurmi wurin wani tsoho mai rumfar littattafai, don ya kwashe ragowar kwafin littafinsa na biyu da ya ba shi ajiya. Ya ce ya haƙura da rubutu, zai koma Farm Centre ya koyi cinikin waya.

Tsohon ya jawo ƙunshin daga ƙarƙashin benci, ya kaɗe masa ƙura, ya ce, "Ɗan nan, kafin ka ɗaure kayanka, wane littafi ka karanta a watan nan?"

"Baba, ai ni ba na karanta na wasu. Gudu nake kada salon wani ya gurɓata mini nawa."

"To, madalla," in ji tsohon. Bai ƙara komai a kai ba. Ya aiki yaro ya karɓo shayi, ya ce, "Zauna in ba ka labarin wanda ya fi ka shan kunya."

Ya miƙa hannu ya zaro wani littafin Larabci mai jan bango. "Wannan Muƙamar Hariri ce. Duk almajirin da ya yi zurfi a karatun zaure ya san sai ya bi ta kanta kafin a ce ya iya lugga. Mai ita mutumin Basra ne, ya rasu a 1122. Ibn Khallikan ya ruwaito cewa da ya gama muƙamu 40 ya kai su Bagadaza, sai wasu masana suka ce ba shi ya rubuta ba, takardun wani baƙo ne da ya mutu suka faɗo hannunsa. Waziri ya kira shi fada, aka ba shi takarda da tawada, aka ce ya tsara wasiƙa a gaban jama'a. Hariri ya koma gefe ya zauna, ya daɗe, ko layi ɗaya bai zo masa ba. Ya tashi a kunyace, mawaƙa suka yi masa zambo. Da ya koma Basra ya natsu, ya rubuta wasu 10 ya aika musu, suka cika 50. Yau shekara 900 ke nan ana karanta su, masu zambon kuwa sai an tono."

Matashi ya ajiye kofin shayi. "Hariri da kansa, Baba?"

"Shi da kansa. Ga kuma Imamu Gazali. A 1095 yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ma ya ƙi shiga. Tasa shakkar ta fi taka nauyi, don niyyarsa yake tuhuma, yana tambayar kansa ko don Allah yake koyarwa ko don suna. Ya bar kujerar ya tafi Sham, a shekarun keɓewar nan littafinsa Ihya'u ya samu. Kuma bai ɓoye ba, da hannunsa ya rubuta labarin a littafinsa Munƙizu, don irinka su karanta su san ba kansu farau ba."

Tsohon ya juya ɓangaren littattafan boko, ya ɗauko Ruwan Bagaja. "Na gida kuma fa? A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Abubakar Imam yana malamin Midil ta Katsina, ɗan shekara 22, ya shiga da wannan. In ka san Muƙama, za ka ji ƙamshinta a ciki. Da aka kira Imam Zariya a 1936 don aikin Magana Jari Ce, tulin littattafai aka fara ajiye masa, na Larabawa da na Indiya da na Turawa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna. Ya karance su, ya narka su, ya zubo da Hausar da har gobe ake koyi da ita. Ni dai ban taɓa jin wanda ya ce salon Imam ya gurɓata ba. Amma me na sani, ni da sayarwa kawai nake yi? Abin da na lura da shi a gidana shi ne, randar da ake ɗiba kullum ba a zuba mata, ran da moɗa ta taɓo ƙasa ba maƙwabta ne suka yi mata baki ba."

Ya haɗa masa littattafai uku, ya ce aro ne, ya bar nasa ƙunshin a nan tukuna. Har matashi ya juya, tsohon ya ƙara da cewa, "Af, mutanen zauren nan naka da ke ba ka haƙuri, Allah ya saka musu. Sai dai ina mamaki, yawansu ya kai haka, kwafin kuma suna nan ƙarƙashin bencina."

Maganar ta bi shi har gida. Da dare ya rubuta a zaure: "Jama'a, yaya kuka ji da mutuwar jarumar littafina na biyu a babin ƙarshe?" Ba a daɗe ba makoki ya kaure. Wata ta ce ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Wani ya ce ya kasa cin tuwon dare. Wani ya roƙe shi ya dawo da ita a littafi na uku. Alhali jarumar ba ta mutu ba, da ɗaurin aurenta littafin ya ƙare.

Ya kife wayar, ya buɗe Magana Jari Ce, wanda rabonsa da shi tun yana firamare. Ya tsinci kansa yana dariya shi kaɗai, abin da ya daɗe bai yi ba. A karatu na biyu ya ɗauki biro, ya fara lura da yadda ake buɗe labari, da inda ake jan rai, da yadda ake sa kowa ya yi magana da bakinsa, waziri daban, bafade daban, aku daban. A nan ya gane abin da malamin jami'ar yake nufi: mutanen littafinsa duka da murya ɗaya suke magana, muryarsa. Shakkar ba ta gudu ba, amma yanzu ya san sunan ciwon, ya kuma ga inda magani yake. Ya koma Kurmi ya mayar da aro, ya karɓo wasu, ya sayi sabon littafin rubutu. Zancen Farm Centre bai sake tasowa ba.

Iyakar labarin ke nan. Ban kira sunan kowa ba, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai dai an ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Muna da marubuta, da mawaƙa, da masu tsara labarin fim, waɗanda in ka tambaye su littafin da suka karanta a bana sai su kawo maka sunan nasu. Ran da shakka ta ƙwanƙwasa musu ƙofa, kuma babu mai fasahar da take tsallakewa, ba su da wurin gudu sai gun masu tafi. Ɗan'uwa mai alƙalami, in ranar ta zo maka, Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad yana nan a Kano, rumfunan Kurmi ma ba su tashi ba, ka je ka zauna da waɗanda suka riga ka shan wannan ɗacin. Ku kuma masu "Allah ya ƙara basira", don Allah ku riƙa karanta littafin kafin ku yi wa jarumarsa ta'aziyya.