Idan Garmarka Ta Tono Kan Mutum-mutumi a Gonar Rake

Duk manomin da yake huɗa, ko yake haƙa rijiyar ban-ruwa a fadama, sai ya ci karo da wani abu na mutanen da, tsohuwar tukunya ce, ko kai na yumɓu, ko tulin kashin ƙarfe da maƙeran dauri suka bari, doka ta ba shi kwana 7 ya kai labari. Wuri biyu zai sanar: hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da sakataren ƙaramar hukumarsa. Mutumin Kudan ke nan zai tayar da babur ya nufi Hunkuyi, na Makarfi da na Ikara kowa ya nufi sakatariyarsa. Doka mai lamba 77 ta shekarar 1979 ce ta faɗi haka, kuma har gobe tana nan daram, ko da sakataren da za a kai wa labarin bai taɓa jin sunanta ba.

Kafin ka tayar da babur ɗin, ka bar abin a inda yake. Kada ka cire shi, kada ka wanke shi, kada ka bar yara su gwada ƙwarinsa da dutse. Ɗauki hotonsa da waya, ka mayar da ƙasa a kai, ka shaida wa mai unguwa ko dagaci. Dalili kuwa, malaman binciken kayan cikin ƙasa, irin waɗanda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ba tukunyar kaɗai suke karantawa ba. Gawayin da ke gefenta suke aunawa su san shekarunta, zurfin ramin kuma ya gaya musu abin da ya riga wani zuwa. Da zarar an tumɓuke ta an kai gida, rabin labarinta ya tafi.

To, mene ne kayan tarihi a idon doka? Nan ne wurin da ya kamata a natsu. Duk aikin hannu na 'yan ƙasa da aka yi kafin shekarar 1918 ya shiga. Takobin kakanka, idan maƙeri ya gama shi a 1917, kayan tarihi ne. Idan rashin lafiya ta kama maƙerin bai ƙarasa ba sai 1919, to takobi ne kawai, sai fa in an tabbatar yana da muhimmancin tarihi kuma an yi amfani da shi a bikin gargajiya. Takobi ba ya zuwa da takardar haihuwa, saboda haka a riƙa tambayar tsofaffi tun suna da rai, a rubuta abin da suka ce. Haka sulke da kwalkwali da tambari, haka kundin malam da ke cikin akwati gara tana zagaya shi.

Wanda ya gaji irin wannan kaya nasa ne. Amma ba zai sayar wa kowa ba sai wakilin da hukuma ta amince da shi, kuma ba za a fitar da shi daga Najeriya ba sai da takardar izini. Wanda ya saɓa wajen saye ko sayarwa, tararsa naira 2,000 ko ninki biyar na darajar kayan, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara 3. A 1979 naira ɗaya ta fi dala ɗaya, saboda haka naira 2,000 kuɗi ne masu sa mutum zufa. Yau ba za su cika tankin babur ɗin da zai kai ka Hunkuyi ba.

Me ya sa aka tsananta haka a kan yumɓu? Amsar tana kudancin jiharmu ta Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok. Wajen 1943 aka sake samun wani a yankin Jama'a, babba, mai kyan sassaƙa. Wanda ya same shi ya kai shi gonarsa ta doya, ya kafa shi ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye, kuma an ce ya yi aikinsa yadda ya kamata. Daga gonar ne kan ya isa Jos hannun wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya lura ya yi kama da na Nok, har bincike ya nuna cewa irin waɗannan kawuna sun haura shekara 2,000. A ganina mai gonar nan bai yi laifi ba. Bai fasa shi ba, bai sayar wa baƙo ba, ya ajiye shi a fili inda kowa zai gani, shi ya sa har yau kan yana hannun Najeriya.

Kawunan da aka tono daga baya ba su yi sa'ar samun aikin gadin doya ba. A shekarun 1990 dillalai suka baza 'yan haƙa a yankin Nok da Katsina da Sakkwato, ana biyan talaka abin cefane, ana loda kaya zuwa Turai. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta saka su a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta ce kada kowa ya saya. A watan Afrilun 2000 ɗin aka buɗe sabon zaure a gidan tarihin Louvre da ke Faris, sai ga mutum-mutumi biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a tsaye, gwamnatin Faransa ta saye su a hannun wani dillali a Beljiyam. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana irin wannan ciniki tun 1972, Faransa kuma ta shiga a 1997. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 aka daidaita: Faransa ta yarda kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta ara mata su na shekara 25, da damar sabuntawa. Wato kayanka ne, amma in kana son ganinsu sai ka nemi biza.

Wannan duk dokar zaman lafiya ce. Ta yaƙi daban take. Bayan ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashe suka haɗu a birnin Hague a 1954 suka amince cewa ko ana harbe-harbe ba a taɓa masallaci mai tarihi, ko coci, ko gidan tarihi, ko ɗakin ajiyar littattafai. Najeriya ta shiga a 1961. Akwai alama ta musamman, garkuwa mai launin shuɗi da fari, da ake mannawa a jikin gini domin soja ya gani ya kauce. Mai ginin shi ma da nasa sharaɗi: kada ya ɓoye makamai a ciki. Yarjejeniyar ta bar ƙofa ga abin da ta kira larurar soja, aka yi ta shigewa ta nan, sai a 1999 aka ƙara wani sashe da ya ƙuntata ƙofar. Ganuwar Zazzau, wadda aka gina domin yaƙi tsagwaronsa, yanzu tana cikin irin gine-ginen da doka ta ce a tsare su daga yaƙi.

Kuma irin wannan doka ta taɓa cizo. A 2012 'yan bindiga suka rushe hubbarorin waliyyai a Tambutu, suka ɓalle ƙofar masallacin Sidi Yahya. A 2016 Kotun Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 bayan ya amsa laifinsa, a 2017 kuma ta ɗora masa diyyar yuro miliyan 2.7. Laifin da aka tuhume shi da shi rushe gini ne kawai, kuma an ƙirga shi laifin yaƙi. Mu ma mun ɗanɗana a 2014, lokacin da Boko Haram ta kai hari Sukur a jihar Adamawa, wurin da UNESCO ta saka cikin gadon duniya tun 1999.

Sai dai abin da ke cinye namu a ƙasar Zazzau da Kano ba ya zuwa da bindiga. Ƙofar Na'isa ta ga shigowar Turawa Kano a 1903 tana tsaye, sai a 2010 aka rushe ta domin faɗaɗa titi, ana zaune lafiya. Ganuwar Zazzau kuwa, damina ta ci gefe, mai buga tubali ya ɗebi gefe, mai neman fili ya dasa harsashi a kan abin da ya rage. Kowannensu yana ganin ɗan kaɗan ya taɓa. Wannan ya fi ci mini rai, domin bam sau ɗaya yake faɗowa a yi ta magana, wannan kuwa kullum ne, kuma masu yi maƙwabtanmu ne da muke sallah sahu ɗaya.

Aikin da ke gaban Majalisar Tarayya a fili yake: ta gyara tarar 1979, ta tanadi lada ga manomin da ya kai rahoto, domin a halin yanzu dillali yana zuwa da kuɗi a aljihu, hukuma kuwa sai godiya. Hukumar ita ma ta fassara sashen nan na kwana 7 da Hausa, a karanta shi a Rediyon Kaduna kafin faɗuwar damina, a kuma aika wa sakatarorin Kudan da Makarfi da Ikara kwafi ɗaya-ɗaya tare da lambar wayar da za su kira.