Gaisuwar Suruka Daga Cikin Silin

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka jawo ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, muke noman shinkafa da tumatir rani da damina. Sai dai tare da ruwan aka jawo mana sauro. Idan Afrilu ta kama, zafi ya haura digiri 40, mutanen wasu garuruwa sukan fito da tabarma tsakar gida. Mu kuwa zaɓi biyu ne: ka dahu a ɗaki, ko a cinye ka a waje.

Saboda haka da fankar ɗakin uwargida ta mutu, ban ga ta zama ba. Na sayar da tumatir a Kwanar Gafan, na zarce kasuwar Sabon Gari na sayo sabuwa mai aiki da sola, tunda wutarmu sai ta ga dama take leƙowa.

Yaron da na kira ya ce dole a shiga silin a ja waya. Ya hau tsani, ya zura kai ta 'yar ƙofar, ya sauko da sauri.

"Baba, akwai masu gida a ciki."

"Su wa?"

"Jemagu."

Ya rantse ko an ninka masa kuɗi ba zai shiga ba, amma zai riƙe mini tsani tsakaninsa da Allah.

Wanda bai taɓa shiga tsakanin kwano da silin da azahar ba, ya leƙa tanderun mai burodi, ya ƙara da duhu da warin kashin jemage. Ina rarrafe da waya a baki, yaro na ta ihu daga ƙasa: "Baba, katako kawai za ka taka!" Ai kuwa ina kan katakon, har wani jemage ya taso ya mare ni da fiffike. Sai ji na yi ɓurum! Ƙafar dama ta faɗa har cinya.

Ashe ina can sama surukata ta iso daga Kura, an yi mata shimfiɗa daidai wurin, an kawo mata fura. Matar da tun ɗaurin aure ban taɓa haɗa ido da ita ba, ko gaishe ta zan yi sai na tuɓe takalmi tun daga zaure. Wannan karon takalmin da kansa ya tuɓe, ya faɗa ƙwaryar fura.

Ɗaki ya yi tsit. To, me ya rage? Na gyara murya.

"Inna, sannu da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya mutanen gida?"

Haka muka bi gaisuwa daki-daki, har gajiya da zafi, ƙafata na lilo a kanta. Da muka gama ta juya ga 'yarta ta ce, "Ki ce da malam ya janye a hankali, akwai ƙusa."

Fanka dai tana juyawa. Ramin kuma an toshe shi da buhun taki kafin kafinta ya zo, kuma ta nan jemagun suke saukowa shan iska da daddare. Don Allah, duk wanda ya san mai korar jemage tsakanin Kura da Bunkure ya turo mini shi, da sharaɗin ya zo da shirin hawa da kansa.