Rabe-raben Malaman Makaranta a Zamanin Intanet

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, amma yawancin malaman makaranta ba su ɗauke ta a matsayin kayan aiki ba sai a watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka mayar da darussa gidajen rediyo da talabijin, makarantun kuɗi suka koma WhatsApp da Zoom. Tun daga nan malamai suka rabu gida-gida, kowa da irin riƙon da ya yi wa wayarsa.

Wanda ya fi yawa shi ne Mai Turi. Shi ya buɗe guruf ɗin aji, shi ne admin, shi ya rubuta dokar da ta hana turo abin da bai shafi karatu ba, kuma shi ya fara karya ta. Kafin rana ta fito ya tura addu'ar safe, da maganin basir, da sanarwar ɗaukar aiki wadda aka rufe tun bara waccan. Ɗalibin da ya ce bai ga aikin gida ba gaskiya ya faɗa. Aikin yana nan, amma a binne tsakanin katin ɗaurin aure da bidiyon wani maciji da aka ce ya haɗiye akuya.

Kusa da shi akwai Mai Saƙon Murya, wanda ya gano cewa rubutu wahala ne. Darasinsa yakan kai minti ashirin. Minti biyar na farko sallama ce da tambayar mutanen gida, a tsakiya kuma za a ji carar zakara, da mai tallan ƙosai, da shi kansa yana cewa, "Kai, ku rufe mini ƙofar nan!" Duk da haka bai kamata a raina shi ba, domin iyayen da ba su iya karatun boko ba nasa darasin kaɗai suke saurare, har wata uwar ta fi ɗanta riƙe shi.

Malamin Zoom ya fi yawa a makarantun kuɗi na birni. Manhajar tana ba wanda bai biya ba minti 40. Goma sukan tafi wajen "Kuna ji na?", goma wajen roƙon yara su kashe makirfo, sauran kuma ɗalibai su yi ta kallon silin da rabin hularsa, domin har yau bai san inda kyamarar take kallo ba. Daidai lokacin da ya ce "To, mu fara," sai a yanke.

Mai Makulli ya cancanci dogon bayani, don shi ne ya fi tasiri a rayuwar ɗalibai. An damƙa masa ɗakin kwamfuta, shi kuwa ya fahimci amanar da cewa kada ko ɗaya ta lalace, hanyar da ta fi tabbas kuma ita ce kada kowa ya taɓa. Kwamfutocin suna lulluɓe kamar amare, ba a yaye musu mayafi sai ranar da baƙi suka zo daga ma'aikatar ilimi, a ranar ce ma ake sayen man janareto. Sauran kwanaki a kan allo yake koyarwa: ya zana madannai da alli, ya zana linzamin kwamfuta har da wutsiyarsa, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Ranar ƙin dillanci takan zo ne a zauren JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. A nan ne ɗalibin da ya ci maki 90 a darasin kwamfuta yake ɗaga hannu ya tambayi mai sa ido ta ina ake dannawa. A yi masa adalci: sau da yawa wutar ce babu, kuma in abu ya ɓace daga albashinsa za a cire.

A ƙauye ake samun Maharbin Sabis. Ya san tudun da MTN ke kamawa, da reshen darbejiyar da Airtel ke leƙowa bayan la'asar, ya kuma san shagon da cajinsa bai kashe batir. Idan hedikwata ta ce a tura sunayen ɗalibai ta intanet kafin ƙarfe sha biyu, za a gan shi a kan babur, wayarsa a sama, yana neman sanda biyu. Irinsa ne suka fi jin jiki a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro.

Mai Kwafe sabon shiga ne, kasuwarsa ta buɗe sosai bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Tsarin darasinsa tsaf yake, Turancinsa ba tangarɗa, sai dai yaran Gumel ne ake tambayarsu dala nawa za a kashe wajen kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Shi ne kuma ya fi kowa zafi idan ya kama ɗalibi da satar amsa.

Akwai Ɗan Adawa, dattijo mai ƙaramar waya mai tocila, wanda ya yi imani cewa intanet ce ta kashe karatu da rubutun hannu da tarbiyya baki ɗaya. Adawar tana tsayawa a ƙarshen wata, lokacin da yake zagaya ɗakin malamai yana tambaya ko alat ɗin albashi ya fara shigowa.

Ta ƙarshe ba a cika lura da ita ba, kuma galibi mace ce. Takan sayi datar dare mai arha, ta sauke bidiyon yadda zuciya ke harba jini ko yadda ake husufin wata, da safe ta jingina wayar a kan tebur, yara su zo goma-goma su kalla. Wani lokaci takan ɗauko darasin daga Nigeria Learning Passport, dandalin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022. Kuɗin datar daga jakarta yake fita. Idan aka zo zaɓen wanda za a tura taron bita kan koyarwa da fasahar zamani, inda ake ba da alawus da abincin rana, Mai Makulli ake turawa.