Mu da Kwarkwata, Mu da Ƙazwa

Mu Sakkwatawa abu biyu ne ba mu taɓa yarda a gidanmu suka fara ba: faɗan yara da kwarkwata. Daga Mabera har Runjin Sambo, duk yarinyar da aka tsefe wa kai aka ga abu yana tafiya, amsar uwarta guda ce: "Can Islamiyya ta kwaso ta." In ba Islamiyya ba, gidan kitso. In ba gidan kitso ba, to ɗiyar maƙwabta ce da ta ari kallabi ranar suna. Maƙwabciyar kuwa tana bayan katanga tana faɗin haka nan a kanmu. Ita dai kwarkwatar ba wanda ya taɓa jin ta bakinta.

Ƙazwa ma ta fi shan ɓoyo. Ba ma kiran sunanta. Yaro ya kwana yana susa har tabarma na ƙara, Inna ta leƙo ta ce, "Ƙyale shi, zahi na, wanga garin ai sai haƙuri." Gwaggo ta ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Maigida ya ce sabulun da aka canza ne. Kafin a gama gardama, mutum shida na susa a ɗaki guda, kowa yana yi a asirce, wai kada a ce gidan ƙazamai.

To ku tsaya ku ji, kwarkwata da ƙazwa ba dangi ba ne. Kwarkwata ƙwaro ce mai ƙafa shida, girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba, kuma ido na ganinta. A gashi take zaune, jinin fatar kai take sha, ta liƙa ƙwanta a gindin gashi, musamman bayan kunne da ƙeya. Ba ta tashi sama, ba ta tsalle, duk da rantsuwar da wasu ke yi cewa sun ga ta yi. Rarrafe take daga kai zuwa kai, shi ya sa 'yan mata masu haɗa kai wurin wasa da masu kwana kan matashi ɗaya suka fi samunta. Kai mai tsabta ma tana so. In ta faɗo ƙasa, kwana ɗaya zuwa biyu ta mutu. Ƙwan kuwa cikin kwana 7 zuwa 10 yake ƙyanƙyashewa, kuma nan ne take cin mu da yaƙi: mu kashe manyan, mu yi sabon kitso, mu ce an gama, mako ya zagayo ƙananan su fito.

Abin da ke kawo ƙazwa kuwa ɗan uwan kaska ne, ƙafarsa takwas, bai kai rabin milimita ba, ba mai ganinsa sai da madubin likita. Macen ce ke huda fata ta yi rami a ciki, tana zuba ƙwai biyu ko uku kullum. Ba ruwanta da gashi. Tsakanin yatsu take so, da wuyan hannu, hammata, ƙugu, cibiya da matsematsi. Jarirai kuma har tafin hannu da na ƙafa da kai. Alamarta da ba ta ɓuya ita ce ƙaiƙayin dare. Ga kuma makircinta: wanda ya kamu karon farko yana iya yin mako 4 zuwa 6 bai ji komai ba, alhali yana rabawa. Wato wanda muke zargi da kawo ta, sau da yawa shi ne kawai ya riga kowa susa.

Kuma kada wani ya ɗauka tamu ce mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum fiye da miliyan 200 na fama da ƙazwa, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Cunkoso take bi: tsangaya, makarantar kwana, gidan yari, sansanin 'yan gudun hijira, da ɗakinmu na hunturu da ake cusa yara bakwai ƙarƙashin bargo ɗaya.

Wurin magani ne muka ƙware, Allah Ya shirye mu. Kananzir a kan yarinya, a ɗaure da leda, ita kuma ta zauna gefen murhu. Kafur da aka daka cikin man kitso. Baƙin mai daga gareji don ƙazwa. Mafi muni, fiya-fiya. Wannan ba raha ba ce: guba ce ta feshin gona, fata na tsotse ta, kuma an rasa rayuka a ƙasar nan ta wannan hanya. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper, irin wannan gubar, a kasuwanni, amma har yau akwai mai raɗa wa ƙawarta, "Ɗigo biyu kawai, ni ma shi na sa." Ganyen dogon yaro da sabulun salo dai ba su kashe kowa ba, suna ɗan kwantar da ƙaiƙayi, sai dai ba sa kai wa ga abin da ke cikin rami.

Maganin kwarkwata na gaskiya mai sauƙi ne. Yara maza, wanzami ya gama magana: ƙwal-kwabo. Mata kuwa a tsefe kitson duka, a sa maganin permethrin mai kashi 1 cikin 100 da ake samu a kemis, a bi da matsefi mai ƙananan haƙora tun gashi na da danshi, a maimaita bayan mako guda. Kitson ya jira. Na san wannan ita ce maganar da ta fi zafi, musamman in biki ya matso.

Ƙazwa kuma aikin gayya ce. Akwai man permethrin mai kashi 5, a shafa daga wuya har tsakanin yatsun ƙafa, a kwana da shi, a wanke da safe, a sake bayan mako. Akwai benzyl benzoate, farin ruwan nan mai raɗaɗi da ake sirka wa yara. Akwai man farar wuta, mai wari, dare uku a jere, wanda likitoci kan ba jarirai da masu ciki. Akwai ƙwayar ivermectin, irin wadda ake rabawa a ƙauyuka saboda tundurmi, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba, kuma likita ne zai rubuta. Tufafi da zanen gado a wanke da ruwan zafi a baza a rana, wadda ba mu taɓa rasawa ba. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda kwana uku ko fiye. Ƙaiƙayin na iya ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu, kada a ce magani jabu ne a koma wa baƙin mai.

In ƙurajen suka yi ruwa, ko fuskar yaro ta kumbura, ko fitsarinsa ya yi duhu, a bar kemis a nufi Asibitin Ƙwararru ko na Koyarwa na Ɗanfodiyo, don gyambon susa na iya taɓa ƙoda.

Sharaɗin da ke kayar da mu shi ne kowa na gidan ya shafa a dare ɗaya, mai susa da marar susa. Yara za su yarda. Uwargida da amarya, da lallashi, za su yarda. Sai an zo kan maigida, ya gyara zama ya ce, "Ni mi ya same ni? Ku shafa wa ɗiyanku." Yana faɗa, hannu ɗaya na cikin riga.