Yadda Na Yi wa Sifanun Surukina Wanka

Duk wanda ya ce dogon hutu alheri ne ga malamin makaranta, bai taɓa ganin malamin da ya kwana goma a gida babu aikin fari balle na baƙi ba. Ni dai a watan Agustan 2023 sai da na gyara ƙofar da lafiyarta ƙalau, na jera takalman yara bisa tsawo, na koma ƙirga ashanar da ake ƙyastawa a yini. Ranar da na fara koya wa mai ɗakina yadda ake yanka albasa, sai ta ajiye wuƙar ta ce, "Malam, don Allah ka leƙa gareji ka gaida Baba mana, ka sha iska."

Ita ta tura ni. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin daga baya ta musanta.

Surukina bakanike ne a Tirkaniya, garejinsa na can ciki kaɗan daga titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira baifas, inda tireloli da tankoki ke girgiza ƙasa dare da rana. Ba gareji ba ne mai allo da fenti. Inuwar mangwaro ce da rumfar kwano da benci ɗaya, ga mai faci a dama, ga ɗan rewaya a hagu, mai walda yana can baya yana ta tartsatsi. Baba ya koyi aiki tun Kakuri tana Kakuri, lokacin da masaƙu ke busa jiniya ma'aikata su fito kan kekuna kamar fara, kamfanin Peugeot kuma, da ya fara harhaɗa motoci a nan a 1975, yana fitar da 404 da 504 sabbi fil. Har gobe in Fijo ta yi tari a bakin titi, Baba zai faɗi ciwonta kafin direba ya kashe ta.

Shekara tara ke nan ina auren 'yarsa. Shekara tara yana gyara mini akwalar motata ba ya karɓar ko sisi, ni kuwa ban taɓa yin abin da ya dube ni ya ce madalla ba. Ba wai ba ya so na ba ne. Surukuta ce, gaisuwa daga nesa a tsugune, ido a ƙasa, kowa ya kama gabansa. Amma abin yana cina.

Da na isa sai na tarar ya tafi Zariya ta'aziyya, zai kwana uku, babban yaronsa ne ma ya ja shi. Ba kowa sai ƙaramin yaro da bai fi wata uku da fara koyon aiki ba, wanda har yanzu iyakar iliminsa ɗebo ruwa da sayo abinci. Makullin akwatin kayan aiki yana rataye a wuyansa kamar laya.

Akwatin nan na ƙarfe ne, mai hawa uku, in an buɗe shi sai ya baje kamar kaza ta ga shaho. An ce da shuɗi ne. Na ce yaro ya buɗe in gani, gani kawai. Abin da na gani kuwa ya fi ƙarfin idon malami: sifanu a cakuɗe, lamba 17 ta hau kan lamba 8, baƙin mai ya haɗu da ƙurar hunturun bara sun zama kwaɓi, a ƙasa an shimfiɗa wani kwali da ya jiƙe da mai har ya zama kamar kilishi. Nan take na ji wani abu ya raɗa mini a kunne cewa yau ga ranar madalla.

Na ce yaro ya samo Omo da soson ƙarfe da ruwa bokiti biyu. Ya yi jim, ya ce, "Malam, Oga da fetur ko kananzir yake sa mu wanke."

Na yi dariya irin ta wanda ya je jami'a. Tun ranar 29 ga Mayu da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, a lokacin har ta haura 600. Na ce, "Yaro, abin da mota ma ba ta sha ta ƙoshi ba, shi za a yi wa sifana wanka da shi?" Ya ce to. Allah sarki, yaron nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. A garinmu ne ba a musu da mai gilashi.

Kafin wanka sai da na yi tankaɗe da rairaya. Na ware abin da na yanke wa hukuncin shara: wata sifana lamba 13 da ta lanƙwashe kamar lauje, wani guntun bututun ƙarfe mai tsawon kamu biyu, wata sukundireba da bakinta ya sirance kamar tsinken sakace, wata doguwar sifanar fulogi da aka yi wa jonin walda mummuna, da babban gwangwanin madara cike da tsofaffin notuna da washa. Na haɗa da kwalin nan da wani tsumma da ko mahaukaci ba zai ɗauka ba. Kamar an aiko shi, sai ga ɗan jari-bola ya turo baro. Ya ɗora a sikeli, ya ba ni naira 800. Na saya wa yaro biredi da lemo, ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Sai wanka. Na cuɗa, na dirza, na ɗauraye, har sifanu suka fara ɗaukar ido. Mai faci ya leƙo ya ce, "Malam, ruwa ne wannan?" Na ce, "Tsafta ce." Ya gyaɗa kai ya koma wajen tayarsa. Na shanya su a kan buhu. Wanda ya san Agusta a Kaduna ya san rana ba ta zuwa zama, leƙe take yi. Ko minti ashirin ba a yi ba hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Muka kwashe su da sauran danshinsu muka zuba a akwati. Duk da sauri sai da na jera su daga lamba 6 har 32 kamar rajistar aji, na rubuta sunayensu a takarda na manna a murfi, na datse. A daren nan malmala biyu na ci.

Ranar Litinin na sa shaddata ta Juma'a na tafi karɓar godiya. Na sami Baba a kan benci, na tsuguna na yi masa barka da dawowa da ya ƙarin haƙuri, sannan na ce, cikin ladabi, "Baba, na ɗan taɓa muku akwati."

Ya buɗe.

Kun san launin yawun mai cin goro? To, haka sifanun nan suka koma tun daga 6 har 32. Sababbin, masu sauran farin rufi a jiki, sun tsira da ɗigo-ɗigo kamar masu ƙyanda. Tsofaffin da hannu ya cinye rufinsu shekara da shekaru kuwa sun yi jajawur. Filaya ta ƙi buɗe baki kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba. 'Yan siraran ƙarafan da ake auna tazarar bawul da su sun manne sun zama ɗaya. Sifanar nan mai ƙaƙas-ƙaƙas da ake jona wa soket, wadda na wanke giris ɗin cikinta tas, ta yi gum. Abin da ya rage da kyansa a akwatin kaf, takardata ce.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, har yanzu kimiyya kake koyarwa?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To, madalla."

Madallar da na shekara tara ina jira ke nan. Abin takaicin, tambayar ta sami wurin zama. Duk shekara sai na kawo wa 'yan ƙaramar sakandare kwalabe uku da ƙusoshi: ɗaya ƙusa cikin ruwa da iska, ɗaya cikin tafasasshen ruwa an rufe samansa da mai, ɗaya a bushe. Ta farko ce kawai ke tsatsa, domin ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, mai kuwa katanga ne tsakaninsu. Na sha ba yara sifiri a kan wannan tambaya. Ashe dattin da na kankare shi ne rigar sifanun, kwalin da na yar kuma shi ke shafa musu mai kullum suna kwance. Ni na tuɓe su, na jiƙa su, na kulle su kwana uku a damina. Ko a ɗakin gwaji ban taɓa samun sakamako mai kyau haka ba.

Ana cikin haka sai ga wata 504 mai ɗaukar kayan gwari ta shigo tana tari. Baba ya buɗe bonet, ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiga ba, kamar yadda ya saba yi shekara talatin, ya ɗauko abin da ya tabbata 13 ce. Sai ga 22. A nan na koyi cewa cakuɗar da na gani tsari ce: 10 da 12 da 14 suna gefe ɗaya domin su ne abincin motocin Japan, 13 da 17 suna ɗaya gefen domin su Fijo da sauran na Turai suka fi ci. Hannunsa ya haddace wurin kowacce. Ni na zo na jera masa su kamar masu jiran albashi.

Ya ce, "Ina karkatacciyar?"

Shiru. Yaro ya dube ni. Mai faci ya daina bugun taya. Ɗan rewaya, da ba abin da ya shafe shi, ya matso da kujerarsa.

Ashe Baba ne ya lanƙwasa ta da kansa, da wutar mai walda, don wani noti da ke ɓoye a lungun inji inda miƙaƙƙiyar sifana ba ta shiga. Bututun nan shi ake zura wa sifana a ƙara mata tsawo in noti ya yi taurin kai. Sukundirebar wasa ta aka yi don kafireta. Fulogin 504 kuwa can cikin rami suke, sai doguwar sifana ke kai musu, shi ya sa aka yi mata joni. Gwangwanin notuna kuma, tun kafin a haifi matata ake tara shi. Naira 800, har da biredi.

Ban jira an ce in tafi ba. Na bi sawun ɗan jari-bola lungu-lungu har na sami inda suke sauke kaya, aka ce ai tun shekaranjiya mota ta kwashe, in gwada tsohuwar Panteka. Na hau keke Napep muka haye gadar kogin Kaduna, shadda tana shan ƙura. Wanda bai san Panteka ba, wuri ne da ƙarfe ba ya mutuwa: a nan ake mai da tsohuwar ganga murhu, a ƙera injin niƙa da ƙofa da tukunya daga abin da wani ya yar. Ka shiga nan kana tambayar sifana ɗaya karkatacciya, sai a yi maka kallon wanda ya zo kasuwar Kawo neman akuyar da ta ɓata bara.

Amma allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Wajen la'asar na hango ta a shimfiɗar wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan aiki, ga doguwar sifanar fulogi a gefenta kamar an kamo su tare. Kuskurena ɗaya, na bari ya ga idona. Ya ce biyun naira 4,500. Na ce, "Haba Baba, wannan fa a karkace take." Ya ɗaga ta ya juya, ya ce, "Malam, ai karkatar ce kuɗin. Wanda ya yi wannan ya san mota." Duk Kaduna, ashe ni kaɗai ne ban sani ba. Na biya.

Hukuncin da Baba ya yanke mini bai faɗe shi da baki ba. Washegari kawai na tarar an ajiye mini kujera 'yar tsugune da buroshin waya da sanfefa da tsumma, aka ce in sayo kananzir lita biyu, wanda a lokacin ya fi fetur ɗin da na yi wa rowa tsada. Yaron da na yi wa dariya shi ya zama malamina. A jiƙa ƙarfe a kananzir ya kwana, a goge da buroshi, inda tsatsa ta kama sosai a bi da sanfefa, a share ya bushe ƙarau, sannan a shafa masa man inji mai kyau shafa ɗaya, ba a yi masa wanka da shi ba. Filaya a ɗiga mata mai a gaɓa a yi ta buɗewa da rufewa har ta saki. A shimfiɗa sabon kwali a ƙasan akwati, a ɗora akwatin a kan katako kada ya sha sanyin ƙasa. Kafin magariba kuma a ƙirga komai, domin kayan gareji ƙafa gare su.

Kwana biyu ina wannan aiki a bainar jama'a. A rana ta biyu wani ɗalibina ya zo wucewa da tallan rake, ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya ce, "Malam, an canza aiki ne?" Na ce bincike nake yi.

Sifana ɗaya ce tak ba ta ga wannan bala'i ba, lamba 10. Saboda yawan ɓatanta, a aljihu Baba yake yawo da ita. Da ita aka je ta'aziyya Zariya.

Yanzu in na je gaisuwa, tun daga nesa yaron nan zai tashi ya zauna a kan akwati, ba ya sauka sai na tafi. Mai faci kuma ya raɗa mini suna Malam Omo, har ya kai ga 'yan keken bakin titi. Bututu na samo wani, sukundireba Baba ya wasa sabuwa, amma notuna har yau ina biya: duk wanda na tsinta a hanya sai in sa a aljihu in kai, gwangwanin bai ko kai rabi ba. Don haka duk wanda ya sayi gwangwanin madara cike da tsofaffin notuna a Panteka cikin Agustan 2023, don girman Allah ya kawo shi Tirkaniya, ya tambayi mai faci ina Malam Omo. Zan biya ko nawa ne, kada dai ya faɗi kuɗin a gaban Baba.